Ƙugiyar da Lado Bai Sa Ba

Unguwar Tsamiya, ta Gazara
4 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga aminina Malam Istifanus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Agnes da yara. Mu ma lafiya, in ban da abin da za ka ji.

Direban motar rake na ba wannan takarda, domin wasiƙun gidana yanzu sai sun biya ta hannun wasu masu son karatu. Ɗanka Sa'idu na wajena ne sanadi. Wani babba ya kafa turaku a fadamar da manoma goma sha ɗaya ke shuka rake, wai gadonsa ce. Sa'idu, da shekarunsa sha tara da taurin kan uwarsa, ya bi su gida-gida yana rubuta kokensu, suna dangwala yatsa. Sai aka ajiye mana ɗan doka a ƙofa, yana rubuta shigarsa da fitarsa.

Ka san wa aka ajiye? Lado, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya da Sa'idu, wanda na shekara huɗu a aji ina fama ya sa wa ƙ da ɗ ƙugiya, bai sa ba. Sajensu yana yi wa rubutunsa dariya, don haka kullum la'asar sai ya kawo mini rahoton in gyara. Ina kuwa gyarawa, don in san abin da ke ciki. Ka ga inda ilimi ya kai ni. Sa'idu ya daina gaishe shi. Uwar Sa'idu dai ba ta fasa aika wa Lado fura ba.

Naka,
Maiwada

19 ga Nuwamba

Aminina,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi.

An tsare Sa'idu kwana biyu. Ya dawo ba ya iya kwanciya rigingine, bai kuma faɗi inda takardar koken take ba. Na roƙe shi ya bari, har na yi hawaye, abin da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Yau da hantsi ya hau keke ya nufo ku Zariya da koken. Umarnin saje shi ne, ranar da ya tashi kai ƙara a sanar nan take, a tare shi a hanya.

Ba a jima ba Lado ya shigo da rahoto. Ƙofa, ɗaki, ƙarfe tara, kowace da ƙugiyarta, tsaf. Layin ƙarshe kuwa: "Sa'idu ya tafi kai kara Zariya." Na ɗaga alƙalami. Ya sunkuyar da kai. Na ajiye.

In ya iso, ka ba shi masauki.

Maiwada

2 ga Disamba

Aminina,

Gaisuwa da godiya. Na ji ya iso, ya kuma miƙa takardar.

Saje ya kwana biyu yana dariyar ɗan malam da ya koma tallan karan dawa, kafin sammaci ya iso daga Zariya. Nan dariya ta ƙare. An yi wa Lado bulala, aka kira ni a tambaye ni ko da gangan ya yi. Na ce shekara huɗu na koyar da shi, ko sau ɗaya bai sa ƙugiya ba, ban taɓa samun daƙiƙin ɗalibi irinsa ba. Yana tsaye yana ji. Saboda shaidata aka fasa ɗaure shi, aka tuɓe masa kaki aka kore shi.

Turakun suna nan a fadama. An ajiye mana sabon ɗan doka, wannan ba ya shan fura. Kada Sa'idu ya dawo tukuna.

Amma ka ce masa in ji ni, ya rubuto wa Lado, ko layi biyu ne. Kada ya damu da ƙugiya. Lado ya san inda kowace take.

Ka gaida Agnes.

Naka har kullum,
Maiwada