Jirgi Bai Tashi Ba, Aminina Ya Janye Yafiyarsa

Hajiya Asma'u, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis ta sama, domin na shiga halin da in na kai wa mutanen garinmu dariya za su ƙara yi mini, kuma wadda suke yi yanzu ma ta ishe ni. Kada ki buga sunana. Ki ce dai wani manomi ne daga Ruwan Godiya a ƙasar Faskari, mai shekara hamsin da takwas, wanda bai taɓa shiga jirgin sama ba sai bana, banan ma shiga kawai ya yi ya fito.

Ɗana Nasir, mai sayar da takin zamani a Funtuwa, shi ya biya mini Umara, Allah ya yi masa albarka. Kin san al'adarmu, mai tafiya ƙasa mai tsarki ba ya fita sai ya bi gida-gida ya nemi gafara, don ba a san mai dawowa ba. Yawanci a dunƙule ake yi, ka ce abin da na yi maka da sani da rashin sani ka yafe, a ce an yafe, a sha fura a tashi. To ni sai tsoron jirgi ya kama ni. Ina kwance ina tuna ƙarfe ne za a cika da mutane a ɗaga sama, sai na ga gara in warware komai dalla-dalla. Har uwar 'ya'yana na faɗa wa cewa rashin cin tuwon da nake yi ran kasuwa ba ciwon ciki ba ne, tsire nake tsayawa in ci a bakin tasha. Wannan ta yi dariya ta ce ta fi shekara goma da sani, ƙamshin ƙuli ke riga ni shiga gida.

Babbar maganar ta Malam Badamasi ce. Aminina ne tun muna makarantar allo, shi ya yi wa Nasir huɗuba, ni na ba da auren babbar 'yarsa. Gonakinmu iyaka ɗaya suke a bakin gari, dutse ne kawai tsakani. Tunda rashin tsaro ya hana mu zuwa gonakin nesa, duk taku ɗaya na ƙasar bakin gari ya zama abin so. To duk shekara in an zo huɗa, sai in bar garmar shanuna ta ɗan karkata ta ci gefen nasa, in an gama in tura dutsen da ƙafa. Ba da yawa ba, wallahi, ɗan abin da ido ba zai kama ba. Sai dai shekara tara ana haka, abin ya kai kuyya uku cif, daga kan gona har gindinta. Yakan tsaya ya riƙe ƙugu ya ce gonar nan tasa tana motsewa kamar rigar da aka wanke, ni kuma in ce masa tsufa ne ya fara taɓa masa ido.

Sau biyu ina zuwa zaurensa da niyyar faɗa, in sha fura in fito da maganata a ciki. Sai ranar tafiya na samu baki. Muna tasha, motar Funtuwa ta cika, direba ya tada inji, surukaina na Ƙanƙara da ƙanwata ta Sabuwa duk sun zo rakiya, liman ya shafa fatiha ke nan. Nan na kama hannuwan Badamasi biyu, hawaye na zuba, na faɗa masa komai a gaban jama'a. Ya dube ni, ya dubi mutane. Liman ya tuna masa cewa baƙon Allah ba a barinsa ya tafi da nauyi. Sai ya ce, “Na yahe, duniya da lahira.” Na shiga mota ina jin kaina sakayau, har gyangyaɗi na yi kafin mu kai Funtuwa.

A filin jirgi na Kano aka ce za mu tashi ƙarfe goma na safe. Wani da muke tare ya ce gara mu ɗaura harami tun a ƙasa, tunda Jidda za mu sauka kai tsaye. Na ɗaura. Hajiya, ban san akwai sanyi irin na ɗakin jiran nan ba, ga ni da ƙyalle biyu, kafaɗa a waje, haƙora suna haɗuwa. Goma ta yi aka ce sha biyu, sha biyu ta yi aka ce bayan la'asar. Wata yarinya mai ɗan kwali ja tana ta ba mu haƙuri ta lasifika da Turancin da ban kama ko rabinsa ba. Muka yi azahar, muka yi la'asar, aka raba mana biskit da ruwan leda. Dab da magariba aka ce jirgin bai ma baro inda yake ba, kowa ya kama gabansa sai bayan kwana uku. Wata tsohuwa daga Malumfashi ta zauna a kan jakarta ta yi kuka, don kuɗin motar komawa ma ba ta da shi.

Na yi kwana ukun a shagon wani ɗan garinmu a Kano, ina kwana kan buhunan gero. Ranar da aka ce, muka koma, kuma wannan karon har cikin jirgi aka shigar da mu. Na ɗaure bel, na karanta duk abin da na haddace. Awa biyu muna zaune, zufa tana bin harami, jirgi bai matsa ko taku ɗaya ba. Daga nan aka ce an ga matsala a inji, mu sauka. Ejan da ya shirya mana tafiyar ya kashe waya, da ya kunna ya ce mu koma gida za a neme mu.

Haka na dawo Ruwan Godiya bayan kwana biyar da jakata yadda na ɗaure ta. Mata suka yi ta aiko da ƙananan kwanuka wai a sa musu zamzam. A majalisa kuwa sunana ya koma Alhajin Kano, wani ma har tambayata ya yi ko na samu yin ɗawafi a Kantin Kwari. Duk wannan zan iya shanyewa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Badamasi. Bai zo yi mini barka da dawowa ba. Washegari da safe na same shi a gona da igiya yana awo, ga masarata ta yi goyo a kan kuyya ukun nan, saura kaɗan a karya. Na tuna masa cewa ya yafe duniya da lahira, liman shaida ne. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Mai tahiya Makka na yahe ma, ban yahe ma mai tahiya Kano ba.” Tun ranar, in na shiga sahu ta dama sai ya koma hagu. Shekara hamsin muna tare, yau in na yi masa sallama sai ya amsa wa iska. Wallahi abin yana cin raina fiye da yadda nake nunawa, don ba ni da wani aminin bayansa.

Yanzu ejan ya kira ya ce Alhamis ta sama za mu tashi. Ga tambayoyina. Shin yafiya tana komawa bayan an furta ta? Ni a sanina kamar yawu take, in ya fita ba ya dawowa baki. In kuwa ta tabbata, ai kuyya ukun sun halatta gare ni, ko ba haka ba? Sannan tunda kamfanin jirgin ne ya jawo duk wannan, don da ya tashi da yanzu ina Madina Badamasi yana yi mini addu'a, shin akwai inda zan kai su ƙara? Nasir ya ce in yi shiru in tafi, kafin in dawo ya huce. Ni kuma ina tsoron in tsaya gaban Ka'aba alhali mutum ɗaya a duniya yana jin zafina. Ki faɗa mini gaskiya, amma ki sassauta.

Naki,
Alhajin Kano, Ruwan Godiya.

*

Wa alaikumus salam, Malam.

Zan kira ka Malam, don 'yan majalisarku sun riga sun yi maka isasshen naɗi. Na yi dariya da na karanta wasiƙarka, ba zan ɓoye ba, amma na ga hawayen da ke ƙarƙashinta, kuma mutumin da ya iya tona kansa a jarida bai lalace ba.

Mu fara da jirgi, shi ne mai sauƙi. An wulaƙanta ku, kuma ba daidai ba ne. Fasinjan da aka soke wa tafiya yana da haƙƙin a yi masa bayani a kan lokaci, a kula da cinsa, a sake masa rana ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama tana karɓar koke a kan irin wannan. Ka ba Nasir tikitinka da duk takardar da aka ba ka, ya rubuta koke da kwanan wata da lokutan da aka yi ta ɗaga muku, in da hali ku haɗu da sauran fasinjojin, har da tsohuwar nan ta Malumfashi. Nasir ya kuma duba ko bizarka tana da sauran kwanaki. Kada ka baro gida sai ejan ya turo tabbacin rana a rubuce, ka riƙe guzurin kwana biyu da maganinka a jakar hannu, kuma ka tafi da bargo ko da za ka ɗaura harami. Amma batun ka kai kamfani ƙara saboda Badamasi, ka bar shi. Ba matuƙin jirgi ne ya riƙa tura dutse da ƙafa shekara tara ba.

Yanzu ga inda ka ce in sassauta, kuma zan yi iya ƙoƙarina. Malam, sau biyu ka je zauren amininka inda ku biyu ne kawai, ka kasa magana. Ka jira sai da inji ya tashi, liman yana tsaye, surukai suna kallo, sannan ka ɗora masa. Ka faɗa mini, ta wace ƙofa zai ce a'a? A cikin minti ɗaya ya ji cewa wanda ya fi yarda da shi ya ci ƙasarsa, ya kuma yi ta ce masa idonsa ne ya lalace, kuma a cikin mintin nan aka nemi ya yafe. Abin da ka karɓa a tasha kunyar jama'a ce ta ba ka shi. Ka tafi sakayau don ka sauke kayanka a kansa, shi ya koma gida da su.

Shi ma Malam Badamasi ba zan wanke shi tas ba. Magana ta fita daga bakin dattijo a gaban shaidu, kuma ƙaurace wa ɗan'uwa har a sahun salla ba abin yabo ba ne. Sai dai ka lura da abu ɗaya: bai kai ka gaban mai gari ba, bai sa an sare masararka ba. Igiya ya ɗauka ya je ya auna abinsa. Mutumin da ya gama da kai ba haka yake yi ba. Jira yake ya ga ko kai za ka zo.

Tambayar ko yafiya tana komawa, ka kai wa malamai, sun fi ni sani. Abin da na sani tun ina gaban mahaifiyata shi ne, wanda ya ɗauki kayan mutane sai ya mayar sannan tubarsa ta cika. Ko da yafiyar tana nan daram, laifin aka yafe maka, ba a ce an ba ka gona ba. Ka nemi gafarar cin kuyya uku, kuma kana so ka ci gaba da noma su, wannan ai wanka ne da komawa cikin taɓo.

Shawarar Nasir ta yaro ce mai son ubansa, kada ka bi ta. Gobe bayan sallar asuba ka je ƙofar gidan Badamasi kai kaɗai, ba liman, ba ɗan rakiya. Ka ce ku je gona. Ka bar shi ya nuna inda dutsen yake a da, ya kafa shi da hannunsa, ko da ka ga ya ɗan zarce kada ka ce uffan. Masarar da ke kan kuyya ukun ta bana tasa ce, ka faɗa masa haka tun kafin ya tambaya, ka kuma tambaye shi abin da zai gamsar da shi game da shekarun baya. Sannan ka ba shi haƙuri a kan maganar ido, don ina zargin ita ta fi ƙasar yi masa ciwo. Bayan duk wannan sai ka sake neman gafara, a wurin da yake da ikon ya hana ka.

Mai yiwuwa ya hana ka a ranar farko. In ya yi haka, ka yi masa sallama ka koma jibi, ka sake komawa gata. Kai da ka iya jiran jirgin da bai san sunanka ba har kwana biyar, ba za ka kasa jiran Badamasi ba.

Allah ya daidaita tsakaninku kafin Alhamis, ya tashi jirginku a kan lokaci, ya karɓi ibadarka. In ka isa, ka sa amininka a addu'a kafin ka sa kanka.

Hajiya Asma'u