Sarakuna Huɗu a Kan Allo

Litinin, 7 ga Mayu, 2001
Yau na fara wa 'yan aji biyar darasin daulolin da. Na raba allo gida huɗu. Sarkin Sin, wanda ake kira ɗan sama, in fari ya daɗe a ce sama ta janye masa izini. Sarkin Turawa da Fafaroma ke ɗora wa hular mulki. Sarkin Mali da talaka ke zuba wa kansa ƙasa a gabansa. Sai halifan Bagadaza. Na ce kowannensu gani yake duniya tasa ce, babu wata iyaka irin tamu ta Jibiya mai shinge da kwastan. Ma'u, ɗiyar wani direba ɗan Maraɗi, ta ce, "Malama, in ruwa bai zo bana ba, wa za a tuɓe?" Aji ya ɗauki dariya. Na ji daɗin aikina.

Laraba, 9 ga Mayu
Shugaban makaranta ya kira ni. Wani uba ya kawo ƙara, wai Kirista ta jera halifa da sarakunan kafirai. Na ce manhaja ce ta jera su. Ya ce, "Mariyamu, yanzu fa shari'a ake. In maganar ta kai masallaci, ba ni iya riƙe miki aikinki." Ko kallona bai yi ba.

Lahadi, 13 ga Mayu
Bayan coci na je ƙauyenmu Kusa wajen Baba. Har yau bai bar addinin kakanni ba, sai dai tun bara ya binne tukwanen giyarsa. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Mi ya kai ki? Duk sarkin da ya zo, cewa shikai daga sama aka aiko shi. Ki duƙa mai, ki wuce gonarki." Raina ya ɓaci ƙwarai. Don in yi irin wannan duƙon ya sayar da shanunsa na yi karatu?

Talata, 15 ga Mayu
Samari biyu a ƙofar makaranta, ba ɗalibai ba. Ɗaya ya kira sunana da na zo wucewa.

Alhamis, 17 ga Mayu
Ƙanena Joel ya ce in tsallaka Nijar in zauna wurinsa. In koyar da wa, da wane Faransanci? Tsoro nake ji, gaskiya ke nan.

Litinin, 21 ga Mayu
Bitar darasi. Na yi Bagadaza kaɗai, kuma na yi ta da kyau, ba wanda zai ce na rage wani abu. Lokaci ne ma ya yi kaɗan. Ma'u ta ɗaga hannu. "Malama, sauran sarakunan fa?" Na ce ba za su fito a jarrabawa ba. Ta sunkuya ta rubuta hakan, kamar yadda take rubuta duk abin da na faɗa.