Inna, Na Aurar da Najwa Idona a Bushe

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Mariyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan unguwar Hindawiyya a Jidda muna nan yadda kika bar mu. Ruwan famfo yana zuwa ranar da ya ga dama, mai gidan haya kuma har yau yana kan alkawarin gyara mana matakala.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke an kai jikarki Najwa ɗakin mijinta ranar Alhamis. Yaron kirki ne, iyayensa suna unguwar Safa, shi kuma yana aiki a garin Yanbu, can ya tafi da ita. An yi taro lafiya, an tashi lafiya. Sai dai ban yi kuka ba, Inna. Shi ne abin da na rasa wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna ranar da aka kai ni? Gidan mijina lungu biyu ne daga namu, ko takalmi ba sai an sa ba. Amma kika shige kicin, kika durƙusa bayan tukunyar gas kina kuka kamar Damagaram za a mai da ni. Da aka kawo ni in yi miki sallama, kika riƙe kaina kika jiƙa min mayafi, nasihar ma kika kasa. Na daɗe ina tsokanarki da wannan. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, duk lokacin da zama ya yi tsami a gidan aure, kukan nan nake tunawa in san akwai inda ake kewata. Shi na so in ba Najwa ta tafi da shi.

Kin fi kowa sanin yadda na zama bayan rasuwar babanta. Takaba ta ƙare, ni ban fito ba. Na kwanta fuskata ga bango, ba ci, ba wanka, ba magana, ina roƙon Allah ya ɗauke ni. Najwa tana 'yar makaranta, ita take ɗura min ruwa da cokali. Kin nemo rubutu, kin kawo mai ruƙiyya, kin shafe ni da zamzam da man habbatus sauda. Da kika ga ina ƙarewa, kika tari tasi kika kai ni asibitin masu ciwon damuwa, kika ce wa maƙwabta haƙori za a cire min. A hanyar dawowa kika damƙa min kwalin magani kika ce, "Ni dai ki tashi ki ci abinci, ko me likitar nan ta ba ki, ki haɗiye."

Na haɗiye, na kuma tashi. Ba zan yi wa ƙwayar nan butulci ba, ita ce sanadin da nake numfashi yau. Sai dai da ta zo kwashe baƙin cikin, ba ta tsaya tsincewa ba, ta haɗa da duk abin da ta samu. Na daina son mutuwa, amma ban koma son komai ba. Ina dafa abinci don lokacinsa ya yi. A ba ni labarin haihuwa in ce barka, a ba ni na mutuwa in ce Allah ya ji ƙan rai, duka da murya ɗaya. Keken ɗinkina yana nan a rufe da zanen da kika lulluɓa masa. Matan da suke tahowa tun daga unguwar Sa'alaba da yadinsu sun gaji da "sai jibi", sun koma wani wurin. Ba ƙiwa ba ce, Inna. Ina zama gaban keken, in san abin da ya kamata in yi, in rasa dalilin ɗaga hannu.

Da kika rasu, ni na zuba ruwa mai wankan tana wanke ki. Ina kallon ƙafarki, ina tunanin ashe faratanki sun yi tsawo. Maza suka ɗauke ki, muka zauna zaman makoki, azza kamar yadda ake ce masa a nan, kwana uku tsakanin magariba da isha ana zagayawa da gahawa da dabino. Mata suna shigowa su rungume ni suna kuka, ni ina bubbuga bayansu. Kafin a tashi na zama abin misali. Ana nuna ni ana cewa a ga tawakkali wurin Bilki, ko ɗigon hawaye babu. Maƙwabciyarmu Hajiya Zara har ta sa ni gaba tana yi wa 'ya'yanta wa'azi da ni. Na karɓi yabon, don ban san yadda zan ce musu uwata ta mutu kuma abin da ke damuna ƙarar fanka ce ba.

To, wannan fuskar da aka yaba a makokinki, ita aka zaga a bikin Najwa. Tun ranar da aka kawo kaya dangin ango suka fara kallon juna. Ana buɗe akwatuna ana guɗa, ni ina zaune hannuna a cinya ina cewa an gode. Magana ta zaga ta dawo kunnena: wai ba na son auren, wai na raina yaron. Hajiya Zara ɗin nan dai ta ja ni gefe ta ce, "Haba Bilki, ki ɗan saki fuska mana, biki ake ba azza ba." Da a da ne, da ta ji amsa. Yanzu ko haushin ban samu ba.

Na ɗauko kwalbar humrar da kika haɗa da hannunki kika ce a ajiye wa Najwa. Na buɗe, ƙamshinki ya cika ɗakin. Na tsaya ina jira, na ce yau kam dole wani abu ya motsa a ƙirjina. Hancina ya gane ki, zuciyata ko gezau. Na rufe kwalbar na sa a akwatin amarya.

A nan ne na yanke shawarar da na san da kina nan sai kin ci mutuncina. Ana saura 'yan kwanaki biki na daina shan maganin, ban gaya wa likita ba, ban gaya wa kowa ba. Lissafina shi ne in aro hawayena na yini ɗaya, in yi wa yarinyata kukan da kika yi min, in koma kan maganin. Abin da ya zo ba hawaye ba ne. Jiri ne, da amai, da wani abu mai fisgar kai kamar an taɓa wayar lantarki. Barci ya ƙaurace. Daga baya sai na ji tsohon duhun nan yana matsowa, na gane shi tun daga nesa. Ranar lalle, gida cike da mata, na samu kaina kwance fuskata ga bango, a daidai wurin da kika sani.

Najwa ce ta shigo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta buɗe durowa, ta juya kwalin, ta ga ƙwayoyin da ya kamata a ce na sha suna nan. Kin san Hausarta, tana ji sarai amma in ta buɗe baki sai Larabci ya riga ta. Ta tsaya a kaina, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, ta ce, "Umma, lesh? Don me? Kina so in tafi Yanbu ina tunanin wa zai ba ki ruwa da cokali?" Na ce mata kuka nake so in yi mata, kamar yadda ake yi. Ta ɗauki kwalin. Ta ɓallo ƙwaya da bakin yatsunta don kada lallen ya ɓaci, ya kuwa ɓaci, ta sa min a baki, ta riƙe min kofin. Ta kuma sa kawunta ya kira likitar a waya, aka gaya mata abin da na yi.

Ranar Alhamis bayan magariba aka shigo da ita ta yi min sallama. Motoci suna jira a bakin lungu, mata sun cika ƙofa suna leƙe, kowa yana son ya ga ko uwar amarya za ta karye. Ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata tana kuka. Na ɗora hannu a kanta. Ƙamshin humrarki yana tashi daga wuyanta. Na matse idona, na tuno ki, na tuno babanta, na tuno ranar da na haife ta, na nemi ko ɗigo ɗaya. Babu. Sai ta ɗago, ta kalli busasshiyar fuskata, ta matso kunnena yadda ba mai ji ta ce, "Halas, Umma. Ke ki sha maganinki. Ni zan yi na mu biyu." Ta mai da kanta ta ci gaba, har sai da gwaggonta ta ɓamɓare ta.

Yanzu gidan ya yi shiru. Likita ta yi min faɗa, ta ce da na gaya mata tun farko, akwai rage yawan maganin, akwai canza shi da wani, amma a hankali ake yi kuma ba ta yi min alkawari ba. Zan koma wurinta, kawun Najwa zai kai ni. Ban sani ba ko zan sake jin daɗin wani abu a duniyar nan. Ban sani ba ko wata rana mutuwarki za ta iso ni, in zauna in yi miki kukan da kika cancanta. Idan ta iso, zan buɗe mata ƙofa.

Innata, ki yafe min. Ba mantawa na yi da ke ba, kuma ba haƙuri ne da ni ba kamar yadda suke faɗa. Zanen da na ɗaura ranar bikin yana nan a rataye, ban wanke ba. Wurin cinyar ya bushe da tabon kwallinta. Kullum da safe in na haɗiye ƙwayar sai in taɓa wurin.

Allah ya ji ƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da baban Najwa a gidan aminci. Allah ya zaunar da jikarki lafiya a ɗakinta, ya sa kada ta gaji wannan ciwo. Ni kuma Allah ya mayar min da zuciyata ko da da zafinta ne. Amin.

Taki har kullum,
Bilkisu,
Hindawiyya, Jidda.