Yoyon da Ya Ƙi Barci

Gwandu, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Muzzammil, ragon miji mai aiko wa matarsa katako maimakon atamfa. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen Kalgo.

Kafin komai, riƙe wannan kacici-kacici. Abu ne rataye a bakin zare, yana ta juyi kamar mazari, amma zaren bai naɗe ba sai an ce masa taho. Yaya anka ɗaura shi?

Sambo direba ya kawo mani abin nan naka da kake kira yoyo: faifai biyu na katako, ɗan sanda a tsakani, sai zare. Ƙanwarka Khairiyya ta nuna mani irinsa a wayarta, na ga yana sauka ya tsaya ƙasa yana juyi abinsa. Naka kuwa, ko dai ya taɓa ƙasa ya zaburo kamar ya taka wuta, ko ya karkace ya mutu yana lilo.

Babanka Haruna ya zo daga Masama jiya. Ya ce shekara biyu kana koyon sassaƙa da inji, bai ga ko kujerar tsugunno ba, saboda haka ruwan farko na sauka zai zo ya maida ka gona. Na tuna masa shi ma shekara biyu ya yi kafin ya iya kunyar da ba ta karkace ba. Bai yi dariya ba.

Gaya mani gaskiya, me ake ciki? Ka rubuto, kar ka bugo waya, kunnuwan gidan nan sun fi nawa ji.

Kakarka, kuma uwargidanka,
Jummai

Kalgo, ranar Laraba

Zuwa ga Kaka, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ba wasa nake yi ba, Kaka, jarrabawa ce. Maigidana Malam Haliru ya ce duk wanda zai ba inji nasa na kansa a shago, sai ya yi yoyo na katako zalla wanda zai yi barci, wato ya tsaya ƙasa yana juyi har a ƙirga talatin, sannan ya dawo hannu. Ya ce ƙaramin abu ne amma ba ya rufa wa hannu asiri. Idan na ci, zai je wurin Baba da kansa ya roƙe shi ya bar ni a shago. Idan ban ci ba, ba zai hana uba ɗansa ba.

Na yi goma sha ɗaya. Na fafe gefensu sun yi shafal don su yi sauri. Na ɗaure zaren tam da ƙullin da Baba ya koya mani na ɗaure guga, wanda ba ya taɓa zamewa. Ko ɗaya bai yi barci ba. Ba na ƙin gona, Kaka. Amma idan na ɗora ƙarfe a kan itace yana juyawa, nakan ji na san inda nake.

Kacici-kacicin ya fi ƙarfina. Na ba ki gari, ki taimaka ki faɗa.

Jikanki,
Muzzammil

Gwandu, ranar Asabar

Maigida, na amsa gaisuwa, ƙafa tana nan tana mulkinta.

Gari guda? Ko Kalgo da kasuwarta ka ba ni ban faɗa ba tukuna.

Ka ce ka fafe gefe don ya yi sauri. Wayyo ni, na auri wanda bai taɓa kallon kaɗi ba! Na zazzage taskirata na fiddo mazaraina uku. Ka san gululu, dunƙulen yumɓun nan da ke gindin mazari. Na murza su ɗaya bayan ɗaya a cikin tasa. Mai siririn gululu ya tashi da gaggawa ya faɗi da gaggawa. Mai faɗin ciki, na uwata, wanda nauyinsa ke can gefe, sai da na gaji da kallonsa. Shekara hamsin ina zaɓensa idan zan kaɗa zare mai tsawo, ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai da kai ka sa ni. Ka fafe tsakiya, ka bar wa gefe namansa. Kuma ka nemi kirya, wannan itacen naka ba shi da nauyi.

Na kuma cire faifan naka biyu na rataya su a kara guda, ɗaya a kowane baki, na ɗaga a tsakiya. Ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa. Shi ya sa yake tafiya a karkace kamar Sambo idan ya ɗauko buhu. Tsagar da ke tsakaninsu ma ta matse, zare na gogar bango. Buɗa ta kaɗan, amma kar ka yi mata ƙofar zaure, in ba haka ba me zai kama zaren ya hawo?

Wannan zaren roba mai santsi kuma ka ba masu kamun kifi. Na fara kaɗa maka na auduga.

Hadari ya haɗu jiya ta wajen Maruda, iska ta watsa shi. Ban taɓa yi wa iska godiya ba sai jiya, Allah Ya yafe mani.

Taka,
Jummai

Kalgo, ranar Talata

Zuwa ga Kaka, bayan gaisuwa.

Na yi na kirya yadda kika ce. Na auna faifan biyu, sun zo daidai. Yanzu yana sauka a miƙe, da ƙarfi har yana kuka, bai ƙara karkacewa ba. Malam Haliru ya juya shi a hannu ya daɗe bai ajiye ba. Amma da ya kai ƙasa sai ya naɗo zaren ya dawo nan take. Ko uku ba a ƙirgawa. Na ƙara matse ƙullin, abin bai canza ba.

Malam ya ce Juma'a da hantsi zai gwada ni. An ce an yi ruwa a Ceberu. Idan gaskiya ne, na san Baba yana hanya. Na fara haɗa kayana, don kar ya zo ya tsaya jirana a gaban mutane.

Ki yi mani addu'a.
Muzzammil

Gwandu, ranar Alhamis

Angona, gaisuwa a tsaye, Sambo na danna mani ham a ƙofa.

An yi ruwa, har Masama. Babanka ya biyo nan zai wuce Kalgo. Na ce masa ɗakina na yoyo, uwa ba ta kwana cikin ruwa ɗanta na yawo a mota. Yana bisa rufi yanzu yana neman ramin. Zai daɗe, don ni ma ban san inda yake ba. Kafin Asabar ba ya isowa gare ka. Kwance kayanka.

Yanzu in tona kaina. Ranar da na yi maka kacici-kacici, ni ma ban san amsa ba. Na ɗauka kai mai boko za ka faɗa, in ce dama na sani.

Jiya na gama zarenka, na ninka shi biyu na murɗe. Na zo ɗaura shi a tsohon yoyonka, yatsun nan sunka ƙi yin ƙulli, na yi na yi har na yi zufa. Da haushi ya kama ni sai na warware bakin ninkin, na zura sandan a ciki, na bar shi ya murɗe kansa. Na sake shi. Muzzammil, wannan gurgun naka mai karkata, sai ga shi a ƙasa yana juyi. Khairiyya ta ƙirga tara kafin ya mutu. Na sake jefawa, na ɗan zungure shi da yatsa, ya hawo ya buge ni a haɓa. Idan gurgu ya yi tara, kai ka san abin da na kirya zai yi.

Ga zaren nan cikin takarda, guda uku. Allah Ya ba da sa'a gobe, ka gaida Malam Haliru.

Amsar ke nan: ba a ƙulla shi. Zaren ninki biyu ne, sandan yana kwance sako-sako a cikin bakin ninkin, yana juyawa a ciki.

Kakarka,
Jummai