Takardata Ta Riga Ni Isa Gida

Zuwa ga Babban Likitan asibitinmu na iyali da ke Kwararafa, Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ce mai masa da miyar taushe ta Tina Junction, wadda kake yi wa tsiya cewa ba ta zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da ita. Shekara goma sha ɗaya katina yana wajenku, kuma a asibitinka na haifi yarana biyu. Ba faɗa na zo yi ba. Na rubuta a fili ne saboda abin da ya same ni a bainar jama'a ya same ni.

Na farko. Da tari ya ƙi barina, ka sa aka yi mini gwajin kaki, aka ce in dawo ranar Laraba. Ranar Talata maƙwabciyata a Kabong, Mama Nkechi, ta zo awon hawan jini. Ma'aikaciyar ɗakin kati ta san gidanmu ɗaya, sai ta miƙa mata takardar sakamakona, ko ambulan babu, wai ta rage mini wahalar hanya. Na san al'adar wajenku ce, ni ma an taɓa ba ni saƙon wani na kai. Mama Nkechi ta karanta a Keke, ta ga tarin tibi ne. Da kuka ta shigo gida, tana neman wanda ya san magani. Ba mugunta ta yi ba, amma kafin in kwashe kaskona in dawo, rabin layinmu sun san ciwona, ni mai shi ban sani ba.

Na biyu. Ka ce in dakatar da sana'a na wasu makonni har magani ya kama jikina, na bi. Ƙanwata ta zauna a madadina, an gwada ta, lafiyarta ƙalau. Duk da haka direbobin da suka shekara da shekaru suna karyawa a bencina yanzu sai su ɗaga hannu daga nesa su wuce. Mudu shida na shinkafa muke jiƙawa a da, yau ɗaya ma sai an dawo da saura. Da kaskon nan nake ciyar da gida tun rasuwar mijina. Wallahi, Likita, wannan ya fi mini tarin zafi.

Na uku, nan ne raina ya ɓaci sosai. Na dawo na roƙi a nuna mini fayil ɗina, ko zan sami rubutun da zan nuna wa mutane cewa ina kan magani. Aka ce doka ta hana, sirrin marar lafiya ne. Na tsaya ina kallon tagar ɗakin kati, dariya ta kusa kama ni. Ashe ni kaɗai ce a Kabong aka ɓoye wa sirrina.

Ga roƙona. Kada a kori yarinyar nan ta ɗakin kati. Mai kirki ce, ta sha ɗaga mini layi idan na bar wuta a murhu, kuma abin da ta tarar ana yi ta yi. Al'adar za a kora. A riƙa rufe sakamako a ambulan, a ba mai shi kaɗai, ko wanda ya ambata da bakinsa. A bar marar lafiya ya ga abin da aka rubuta a kansa. Ni kuma a ba ni takarda da sa hannunka, mai cewa ba na yaɗa ciwon yanzu, in manna ta jikin rumfata da kaina.

Ka kuma sani, mata biyu masu abinci a layinmu suna tari, na ce su zo wajenka, sun ƙi. Sun ce sun ga yadda aka yi da ni. Suna nan suna zuba wa mutane abinci.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya saka maka da alheri kan jinyar da kake yi mana. Ranar Alhamis zan zo karɓar magani, ni da kaina, kuma ba zan aiko kowa ba.

Wassalam.

Mai masa, Tina Junction, Jos.