Ɗan Saura a Hannun Auta

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aikin gareji, ya maigidanka? Ni dai ina nan gidan Yayarka. An yi aikin ƙafar, sun naɗe ta, sun ce kada in kuskura in taka. Wuni nake ina kallon rufi. Jikokina suna ta zuba mini surutu, ni kuwa bakinsu kawai nake gani yana motsi. Ka san injin niƙa ya cinye kunnuwan nan tun tuni, waya ba ta da amfani a wurina. Ka riƙa ba direban da ke kawo wa mijin Yayarka kaya takarda, idona ƙalau yake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ɗan kwikwiyon da na bar maka, Ɗan Saura. Uwarsa ta tsare mini gida har ta tsufa, ta mutu 'ya'yanta suka bi ta, sai shi kaɗai. Bai sha nono ya ƙoshi ba, saboda haka jikinsa ba ƙwari. Kafin in taho na ga gashi ya ɗan zube a gefen idonsa. Na so in kai a duba shi, ciwo ya sha kaina. Ka sa masa ido. Ka riƙa dafa masa ƙwai, kada ka ba shi abin da ya kwana.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka.

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunka. Maigidana yana gaishe ka.

Baba, kada ka sa damuwar Ɗan Saura a ranka. Yana nan lafiya lau, ci yake kamar me. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Wurin nan na gefen ido ma ya toshe. Tare muke zuwa gareji, kowa yana wasa da shi, har ya fara yi wa baƙi haushi. Kai dai ka ci abinci, ka sha magani, ka bar mini sauran.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Auta.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya yara, ya jinya? Allah ya saka miki. Wannan takardar taki ce ke kaɗai. Ban kira ki ba don na san Baba, in kina waya fuskarki yake karantawa.

Yaya, duk abin da na rubuta wa Baba ƙarya ne.

Ƙwan da ya ce in dafa, ban taɓa dafawa ba. Da safe in jiƙa masa burodi a ragowar shayina, da rana in karɓo suɗin kwanuka wurin mai abincin bakin gareji, da yaji da albasa da komai, in juye masa a murfin taya. Na ɗauka kare kare ne. Sai zawo ya kama shi. Gashin ya ci gaba da zuba, daga ido zuwa kunne zuwa ƙafafu, fatar ta yi ja, yana susa har jini. Maigidana ya dube shi ya ce, "Wannan ai ƙazuwa ce. Shafe shi da baƙin mai, mu haka muka taso muka ga ana yi." Na ɗebo wanda muka tsiyaye daga wata tsohuwar bas na shafe shi tas. Ya lashe, ya yi ta amai. Fatar ta kumbura ta fara ruwa.

Daga nan kowa ya juya mana baya. Matar mai gidan hayarmu ta ce zai shafa wa 'ya'yanta. Wata mata da ta kawo gyaran birki ta toshe hanci ta juya da motarta. Maigidana ya ce, "Auta, ko kai ko shi."

Sai na sa shi a kwalin batir, na kai shi bayan kasuwa inda ake zubar da shara, na ajiye, na taho. Ban waiwaya ba. Na koma na shiga ƙarƙashin mota, noti ɗaya na kasa ɗaurewa. Ina nan kwance ruwa ya sauko. Da gudu na koma, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na tarar ya fita daga kwalin, ya biyo hanyar da na bi, ƙarfinsa ya ƙare a bakin kwata. Ya jiƙe sharkaf yana rawar sanyi. Yaya, da ya gan ni kaɗa mini wutsiya ya yi. Da ma cizona ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu ga shi a kwance, ko ruwa ba ya sha. Ban san yadda zan yi ba.

Ƙaninki, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Ashe girman banza ka yi! Mutum da gemunsa, a ce maka shafa wa mai rai baƙin mai ka shafa? Da maigidan naka ya ce ka zuba masa fetur fa? Na karanta takardarka a ɗakin girki, sai da na zauna a kan turmi. Gobe da sassafe ka ɗauke shi ka kai wa likitan dabbobi, kada ka sake jin shawarar wanda mota kawai ya sani.

To, na gama faɗa. Ni ma ba tsira na yi ba. Ranar da muka je ɗauko Baba, ya fito da kwikwiyon nan naɗe a tsohuwar rigarsa, ya ce a tafi da shi. Na ce wallahi ba za a shigar mini da kare gida ba, ga yara, ga sababbin kujeru. Sai ya miƙa maka shi. Har muka fita unguwa yana waige. Da na bari ya taho da shi, da ba mu kai nan ba.

Ga abin da ya fi damuna. Tun da takardar da ka rubuta masa ta zo Baba ya canza. Da turo kwano yake, yanzu cinyewa yake. Ya yarda ya fara gwada sandunan dogarawar da ya ƙi taɓawa. Ya sa an sayo masa zare mai kauri, yana saƙa wa karen abin wuya, yana auna faɗin da hannunsa yana dariya, wai ya ji wuyan ya ninke. Likitansa ya ce ciwon sugan da yake fama da shi na hana rauni warkewa, a guji tayar masa da hankali.

Saboda haka ka ci gaba da rubuta masa yadda ka fara. In kuma ta Allah ta kasance, ka nemo wani mai kalarsa kafin Baba ya dawo. Na san ba kyau. Ban ga wata hanya ba.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya mai jiki? Na ji faɗanki, ban ce ki rage ko kalma ba.

Na kai shi. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta buɗe zanen da na naɗe shi, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Ta ce, "To kai za ka gyara. Riƙe mini shi." Muka yi ta wanke man da ruwan ɗumi, yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ta kankari fatar ta duba. Ta ce wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da kusan kowane kare ke ɗauke da su, sai garkuwar jiki ta faɗi suke samun dama, kuma irin nasa ba ya kama mutane. Ta yi masa allura, ta ba da maganin tsutsar ciki da na wanka. Ta ce rabin maganin yana cikin kwanonsa. Ba shayi, ba madara, ba gishiri, ba yaji, albasa kuwa guba ce a wurinsa. A dafa ƙwai, ko kifi a zare ƙaya tsaf, ko nama marar kitse, a cakuɗa da shinkafa mai laushi da ɗan kabewa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Rigakafi sai ya yi ƙarfi, kafin nan kada ya haɗu da wasu karnuka.

Matar mai gida ba ta yarda da bayanin likita ba, sai na kwashe kayana na koma gidan Baba. Da nisa daga gareji, amma lokacin cin abincin rana nake hawa keke in je in ba shi in dawo. Maigidana yana ta tsiya, wai na zama uwar kare.

Da farko ko kallon kwanon ba ya yi. Sai na murje gwaiduwa a yatsana na kai masa baki. Ya daɗe yana shinshina, sannan ya lasa. Ni da ko nawa abincin ban iya dafawa ba, yanzu ni ne zaune ina tsince ƙayar kifi kamar mai neman allura. Zawon ya tsaya. Yana miƙewa ya yi 'yan taku. Likita ta ce kada in yi murna tukuna.

Batun nemo wani, Yaya, ki bar shi. Direba ya kawo abin wuyan da Baba ya saƙa. Na sa masa, ya zarce wuya, ya wuce kafaɗa, ya faɗo ta ƙafafun baya. Na daɗe zaune a ƙofar ɗakin Baba riƙe da abin wuyan. Ba zan iya ƙara rubuta masa ƙarya ba. Ga takardarsa nan tare da taki. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya sha magani, ki zauna kusa da shi. In wani abu ya biyo baya, a wuyana yake.

Ƙaninki, Auta.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa.

Baba, na yi maka ƙarya. Ɗan Saura bai yi ƙiba ba. Ban ba shi abin da ka ce ba, na ba shi abin da ya lalata masa ciki. Ciwon fatar ya bazu, na shafa masa baƙin mai ya ƙara tsananta. Da abin ya ishe ni, na kai shi bola a kwali na yar, ruwa ya dake shi kafin in koma in ɗauko.

Yanzu yana hannun likita, yana cin abin da ta tsara, yana ɗan samun sauƙi. Rabin jikinsa ba gashi. Ba ta ce ya tsallake ba. Abin wuyan ya iso, ya yi kyau, amma ya yi masa yawa. Na rataye a ƙusar da kake rataye hula.

Amana ka ba ni, ban riƙe ba. Ba ni da bakin cewa komai sai haƙuri.

Ɗanka, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni. Ranar ban ci abincin rana ba, amma na ci na dare, kada Yayarka ta ce kai ka kashe ni.

Ni ma na ga ciwon tun yana ɗan ƙarami na bar shi, wannan nawa ne. Ka bi maganar likita, kada ka ƙara kada ka rage. Ranar da ta ce zai iya tafiya, ka nemi izini wurin maigidanka ka kawo mini shi da kanka, da gashi ko babu. Yayarka ta share masa wuri a bayan ɗakin girki. Tana shara tana mita, na ga bakinta.

Ƙaryar na yafe, na san don ni ka yi. Batun kwali kuwa, wannan ba a takarda za mu yi shi ba.

Allah ya kawo ku lafiya.
Babanka.