An Karrama Binciken, An Manta da Mai Shi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Karrama Masu Bincike na jami'armu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Hadiza Sule Kwanyawa, ƙaramar malama a sashen kwamfuta. Na yi sintiri ofishinka har masinja ya daina tambayata wurin wa na zo, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Fannina lissafin da kwamfuta ke tafiya a kansa ne, aikin alli da takarda. Na kafa hujjar cewa akwai iyakar saurin da wata hanyar tsara ayyuka ba za ta taɓa wucewa ba. Mafi yawan aikin a gida na yi shi lokacin yajin aiki, ina hawan acaɓa daga ƙauyenmu zuwa Karaye neman sabis don sauko da takardun nazari. Da na miƙa muku, aka ce babu na'urar da za a nuna wa baƙi. Na haƙura.

Na biyu. Da wata mujallar ƙasar waje ta buga aikin, sunana a gaba, na Farfesan da ya duba ni a baya, sai ga shi kun ga darajarsa. Aka ce in zo bikin karramawar bana. Mahaifina, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, ya bar gyaɗarsa a gona, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shigo bas tun da sassafe. Aka kira Farfesa shi kaɗai. Aka tafa, Baba ma ya tafa, yana ta duban fuskata yana jiran a kira ni. Har muka rabu a tasha bai tambaye ni komai ba, addu'a kawai ya yi mini.

Ba na ƙin Farfesa, ya koyar da ni. Amma shi ma ya san hannun da ya rubuta.

Roƙona biyu ne. A sa sunana a kundin karramawar. Sannan a shigar da wanda ya iya karanta hujjar lissafi cikin kwamitinku. Idan ba zai yiwu ba, a gaya mini kai tsaye. Na iya haƙurin rashi, jiran ne ya cinye ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da muƙaminka lafiya.

Wassalam.

Hadiza Sule Kwanyawa